Gyaran Ƙofa Mai Inji a Ƙasar Iska da Rairayi: Jagora Daga Tawa

Duk wanda ya sa wa ƙofar gidansa ko ta garkarsa inji a ƙasar Adar, ya san da iska biyu zai zauna. Akwai ta hunturu, mai busowa daga arewa maso gabas tun Nuwamba har wajen Maris. Ba ta cika fushi ba, amma ba ta gajiya, kuma babu ramin da ƙurarta ba ta shiga. Akwai kuma ta gaban hadari, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura, ta iso gari cikin 'yan mintoci, ta yi ɓarnarta kafin ɗigon ruwa ɗaya ya sauka. Ta farko tana cin ƙofa a hankali, ta biyu tana karya ta a rana ɗaya.

Injinan da ke shigo mana, na Italiya irin su Nice, Came, FAAC da BFT, ko Somfy na Faransa, ko Centurion na Afirka ta Kudu, ko na Sin, nauyi da faɗin ƙofar da aka rubuta a kwalinsu lissafi ne na inda iska ba ta matsa ba. Mu kuwa muna son sutura, muna rufe kyaure da tol, wato fallen ƙarfe, tun daga ƙasa har sama. Daga nan yawancin ciwon yake farawa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: in ƙofa ta ƙi aiki, inji ne na ƙarshe da za a tuhuma, kuma ƙara masa ƙarfi ba gyara ba ne.

Mataki na farko: raba inji da ƙofa

Ka kashe wuta daga dizonkter, wato makunnin da ke yanke wutar layin. In akwai batir, ka cire masa waya ɗaya, domin inji mai batir yana iya motsawa ko da kuran ya yanke, hannunka na tsakanin haƙoran inji. Ka kori yara da dabbobi daga wurin. Sannan ka ɗauko ɗan makullin saki, wanda kowane inji ke zuwa da shi, ka buɗe, ƙofa ta koma ta hannu. Wannan makulli ya kamata kowane babba a gidan ya san inda yake rataye. Mai gadi ya sani, uwargida ta sani.

Ka zaɓi sassafe ko wani lokacin da iska ta kwanta, ka tura ƙofar da hannu ɗaya daga farko har ƙarshe, ka dawo da ita. Ƙofa mai lafiya tana tafiya sumul da hannu ɗaya, in ka sake ta a tsakiya ta tsaya inda ka bar ta. In ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, ginshiƙi ya karkace ko ƙasa ta zauna. In akwai wurin da sai ka sa kafaɗa, ka yi masa alama da alli. Ka kasa kunne: ƙarar guga daban, ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya daban. Muddin hannunka ya sha wuya, inji ma wuyar yake sha kullum, kuma babu sabuwar kart, wato allon lantarkin da ke sarrafa inji, da za ta raba shi da ita.

Mataki na biyu: ƙarfe, ginshiƙi da fomel

A nan zan daɗe, domin a nan iska ke aikinta. Wanda ya taɓa ɗaukar fallen tol a ka ranar iska ya san yadda take neman fizge shi da shi duka. Ga lissafin. Iska mai gudun kilomita 60 a awa tana danna kowace murabba'in mita ta rufaffen kyaure da nauyin da ya kai kimanin kilo 20. Kyaure mai mita 2 a tsaye, mita 2 a kwance, ya ɗauki kilo 80 ke nan. In gudun iska ya ninka biyu, nauyin sau huɗu yake ninkawa, ba sau biyu ba. A kilomita 90 a awa, wannan kyauren yana ɗauke da wajen kilo 180.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Tsakiyar kyauren tana da nisan mita ɗaya daga fomel, wato ƙarfen da kyaure ke rataye a kai yana juyawa, hannun inji kuwa yana aiki ne da tazarar da ba ta wuce santimita 15 ba daga inda kyauren ke juyawa. Saboda haka kilo 80 ɗin nan, in ya iso hannun inji, ya haura kilo 500. Hannuwan da ake sa wa ƙofofin gidaje, turinsu yakan tsaya tsakanin kilo 150 zuwa 300. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin ganin walda ta tsage ko ƙusar noti ta lanƙwashe ba.

To, ka fara da ginshiƙi. Ka ɗora masa ma'aunin ruwa ta fuska biyu. Ka sa yaronka ya girgiza bakin kyauren sama da ƙasa, kai kuma ka tsuguna ka zuba wa gindin ginshiƙin ido. In ka ga ƙasa tana numfashi ko siminti ya tsage a kewayensa, sai an sake kafa shi. Rami na santimita 60 a kowace fuska, zurfin 80 ko fiye in rairayi ne, kankare mai tsakuwa da ƙarfe a ciki. A shayar da shi ruwa safe da yamma, a bar shi ya yi mako guda aƙalla kafin a rataya masa kyaure. Siminti sai ya kwana 28 yake kai cikar ƙarfinsa, zafin rana kuma yana busar da shi ne, ba ya ƙara masa ƙwari. Na san maigida yakan ƙagu ya ga an rufe masa gida, amma ginshiƙin da aka ɗora wa kaya kwana biyu da zuba shi, damina ɗaya ta ishe shi.

Sai fomel. In kyaure yana ɗagawa ya sauka a hannunka, ƙusar cikin fomel ta cinye, a canza. Fomel na sama da na ƙasa dole su kasance a layi ɗaya a tsaye. In ba haka ba, kyauren yana murɗe kansa duk buɗewa.

Daga nan ka duba kunnuwa biyu da ke riƙe da hannun inji, na jikin ginshiƙi da na jikin kyaure. Ka goge fenti da tsatsa ka nemi siririn tsagu a gefen walda. Na jikin kyaure sau da yawa za ka tarar an manna shi a kan tol ko a kan siririn bututu. Ba wurinsa ba ke nan. A walda ƙarfe mai kauri a kwance daga gefe zuwa gefen firam, a ɗora kunnen a kansa. Na jikin ginshiƙi kuwa yana da awo biyu da takardar injin ta ba da, wato nisansa daga fomel ta gefe da ta baya. Kada mai walda ya yi su da ido. Santimita biyu ko uku sun isa su sa kyaure ya riƙa fizga a ƙarshen tafiyarsa, ko hannu ya ƙure kafin ƙofa ta rufe. Kuma kafin a kunna na'urar walda, a zare wayoyin inji daga kart, a maƙala wayar mas, wato wayar na'urar walda da ake kama ƙarfe da ita, kusa da inda ake aiki, don kada wutar walda ta bi ta cikin inji ta ƙone shi.

In ƙofarka mai ja ce

Ƙofa mai tafiya a kan layin ƙarfe ta fi jure iska nesa ba kusa ba, shi ya sa in ana sabon gini a fili, kuma akwai wuri a gefen katanga, ita nake ba da shawara. Amma nata ciwon rairayi ne. Ka share layin tas, ka tone ƙasar da ta taru a gefensa, ka duba ko ya lotsa inda manyan motoci ke takawa, musamman a ƙofofin ma'ajiyar albasa da kamiyo ke shiga da kaya. Ka ɗaga ƙofar kaɗan da ƙarfe, ka juya kowace taya da hannu. Wadda ta yi gurnani ko ta cije, rulmanta, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da take juyawa a kai, ya sha ƙasa.

A sama akwai 'yan tayoyin da ke riƙe ƙofar kada ta faɗi. Iska tana danna ƙofar a jikinsu, suna cinyewa ta gefe ɗaya. Ka bar tazarar milimita ɗaya ko biyu tsakaninsu da ƙofar, ka tabbata ƙarfen da ke riƙe da su bai saki ba. Ka kuma tabbata akwai ƙarfen tsayawa mai ƙwari a ƙarshen layi ta kowane ɓangare. Ƙofar da ta zarce layinta faɗuwa take yi, nauyinta kuma ya isa ya kashe yaro. Wannan ba abin da ake ɗagawa zuwa gobe ba ne.

Tsakanin kiremayer, wato dogon ƙarfe mai haƙora da ke jikin ƙofa, da finyo, wato ƙaramar tayar inji mai haƙora, a bar sarari na milimita 1 zuwa 2 a duk tsawon ƙofar. Finyo tura ƙofa yake yi, ba ɗaukarta ba. In tayoyi sun cinye ƙofa ta sauka, nauyinta ya hau kan finyo, sai ka ji inji yana nishi. Kada ka shafa wa kiremayer ko layi giris. A ƙasarmu giris da ke waje tarkon rairayi ne, cikin mako guda ya zama abin da ke cin haƙoran. Buroshi busasshe ya wadatar. Giris na cikin fomel ne da cikin rulma, inda ƙura ba ta kai, a goge wanda ya fito waje.

Mataki na uku: wuta

Sai ƙarfe ya yi daidai za ka buɗe akwatin kart. Ka buɗe a hankali, da sanda a hannu in a garka ne, don kunama na son wurin. Abin da za ka tarar ba ya wuce ƙura, gidan zanzaro, tururuwa, ko tsaka da ta kwanta a bayan kart ta haɗa wuta ta bushe a wurin. Ka share da buroshin fenti mai laushi, ba da ruwa ba. Ka toshe ramukan da wayoyi ke shiga da silikon. Ka bi kowane ɗan bis na wayoyi da turnabis ka ƙara ɗaurewa, domin girgizar iska tana kwance su.

Ka duba fuzib. In ya ƙone, ka sa mai lamba ɗaya da shi. Naɗa masa siririyar waya, kamar yadda wasu ke yi, sayar da kart ne don a ceci abin da bai kai kuɗin shayi ba. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai waya da ta haɗu a wani wuri, galibi inda take lanƙwasa kusa da fomel ko inda ɓera ya ci.

Yanzu ka mai da wuta ka auna da multimita. Layin NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, bolt 220 ne, amma a ƙarshen dogon layi, ko da rana tsaka a watan Afrilu lokacin da kowa ya kunna abin sanyi, yakan sauka ƙasa sosai. In ka ga ya yi ƙasa da 200, inji zai yi rauni, kuma ranar iska ce raunin zai fito fili. Maganinsa regilater, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta. Wanda ke aiki da gurup, wato injin ba da wuta, ya bari gurup ya daidaita kafin ya ba ƙofa wuta.

Inji mai aiki da bolt 220 kai tsaye yana da kondansater, wato ɗan gwangwanin da ke riƙe caji yana taimaka wa inji tashi. Alamar mutuwarsa a bayyane take: ka danna, inji ya yi gurnani bai motsa ba, ka ɗan tura ƙofar da hannu sai ta tafi. Zafi ne ke kashe shi. Ka kashe wuta, ka sauke cajin da ya rage a cikinsa kafin ka taɓa, ka karanta lambar da ke jikinsa, ka sayo mai wannan lambar daidai, na bolt 450. Irin wannan injin kuma yana da abin da ke yanke shi in ya yi zafi. In ya tsaya da azahar bayan an yi ta shiga da fita, ka ba shi rabin awa kafin ka yanke masa hukunci, ka kuma yi masa 'yar rumfa.

A garake da wuraren kiwo da layin kuran bai kai ba, inji na bolt 12 ko 24 ne, da fannon hasken rana da batir. Batir cikakke da ya huta yana nuna 12.7 ko kusa da haka. In ya nuna 12 cif, ya yi ƙasa ƙwarai. Amma awon gaskiya shi ne wanda za ka yi ƙofa na tafiya: ka bar multimita a jikinsa ka danna. In ya faɗi ƙasa da 11, batirin ya gaji, ko da ya nuna lafiya a zaune. Inda batir biyu ne a jere, a canza su tare. Batirin dalma yana son zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Ka tuna abin da akwatin ƙarfe ke zama a rana a Tawa cikin Mayu, ka mai da batirin inuwa inda iska ke ratsawa. Fanno ya fuskanci kudu, a kwantar da shi kimanin digiri 15, a goge shi kowane mako a lokacin hunturu. Hazo yana rage rana, ƙura tana rufe gilashi, iska tana sa inji jan wuta fiye da kullum, ukun kuma a wata ɗaya suke haɗuwa. Shi ya sa ƙofofin garake ke yawan mutuwa a Janairu.

Ga tsawa kuma. A sa abin kare tsawa a layin da ke shigowa, a kafa sandar ƙasa ta gaskiya. Ƙasar duwatsu irin ta wajen Buza da Kaita ba ta karɓar wuta da kyau in ta bushe, don haka a nemi wuri mai danshi a kafa sandar da zurfi.

Mataki na huɗu: idanu, iyaka da telekomand

Ƙofar da ke buɗewa lafiya amma ta ƙi rufewa, idanunta za ka fara dubawa. Su ne 'yan akwatuna biyu da ke kallon juna a gefen ƙofa, kamar santimita 50 daga ƙasa. Ka goge gilashinsu, ka buɗe ka fitar da yanar gizo, ka cire ciyawa ko ledar da iska ta maƙale a gabansu. Ka gitta hannu a tsakaninsu, za ka ji ɗan ƙas a cikin mai karɓa. In babu, sun kauce wa juna, ka daidaita har fitilarsa ta nuna. In da hantsi ko da la'asar kaɗai abin ke faruwa, rana ce ke shiga idon mai karɓa, ka yi masa 'yar hula ko ka musanya musu gefe. Ina roƙon masu gyara, don Allah kada a haɗe wayar idanu a tafi a bar ta haka. A yi don gwaji na minti ɗaya, a kwance.

Ƙofa mai ja tana sanin iyakarta da maganaɗisu ko da ƙarfen da ke taɓa ɗan sifirin. In tana dukan ginshiƙi ko tana barin sarari, ɗayansu ya goce, ka matsar da shi ka ɗaure. Telekomand kuwa, ka canza masa batir tukuna. In har yanzu sai an matso kusa, eriya ce. Masu aiki a zangon rediyo na 433 MHz suna son waya miƙaƙƙiya mai santimita 17, kuma a wajen akwatin ƙarfe, ba a naɗe a ciki ba.

Mataki na biyar: ƙarfin inji

Ga ƙorafin da ya fi kowane yawa: ranar iska ƙofa takan fara rufewa, ta tsaya, ta koma baya. Ba lalacewa ta yi ba. Kart tana auna wuyar da inji ke sha, in ta wuce ƙima sai ta ɗauka mutum ko mota ta taɓa, ta janye. Ba ta da hanyar bambanta iska da jikin yaro. Wanda ya murɗa ƙarfin zuwa ƙarshe don maigida ya daina kira, ya cire wa ƙofar wannan tausayin ne gaba ɗaya. Gidajenmu cike suke da yara, almajirai na zama a inuwar katanga, awaki na kutsawa ta kowane sarari. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12453 ta ce a wurin da ƙofa ke iya matse mutum kada bugunta ya wuce kimanin kilo 40, kuma ta sassauta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. An yi wannan awon ne da jikin ɗan Adam, kuma jikin yaron Tawa bai fi na wani ƙwari ba.

Yadda za ka yi shi ne, bayan duk gyaran da ya gabata, ka mai da inji jikin ƙofa, ka sa kart ta sake koyon tafiyarta kamar yadda takardar injin ta nuna. Ka yi wannan a lokacin da babu iska, in ba haka ba za ta koyi nauyin da ba nata ba. Ka fara daga ƙarfi kaɗan, kana ƙarawa mataki ɗaya ɗaya har ƙofa ta kammala tafiya ba tsayawa, sannan ka ƙara ɗaya saboda hunturu. Ka kunna sassautawar ƙarshe in akwai, don kada kyaure ya riƙa dukan wurin tsayawa. Sai gwaji: ka ajiye buhu cike da ƙaiƙayi ko jarka marar ruwa a hanyar ƙofa. Ta taɓa, ta tsaya, ta koma. In ta murƙushe jarkar, ka rage. Kada ka gwada da hannunka ko ƙafarka.

In a wannan ƙarfin ƙofa ba ta iya rufewa ranar iska, amsar tana jikin kyaure.

Mataki na shida: rage wa iska wurin kamawa

A nan ake ɗan ja da masu gida. Nakan ce, Alhaji, suturar gida daga ƙasa zuwa tsayin mutum take, abin da ke sama da haka iska kawai yake tarewa. A yanke tol ɗin sama a sa sanduna. In ana son rufin duka, a yi shi da faifayen ƙarfe a karkace, masu sarari a tsakani, ido ba ya ratsawa amma iska na samun hanya. Ba su kai sanduna sauƙi ba, amma sun fi tol nesa. A garka ko wurin kiwo kuwa babu dalilin tol ko kaɗan, bututu da raga sun isa tsare dabba.

Kyauren da faɗinsa ya wuce mita 2 da rabi yana bukatar kuba mai wuta a bakinsa, wadda ke kamawa da kanta in ya rufe, ta saki in an danna. Ita ke karɓar dukan iska a madadin haƙoran cikin inji. A kafa ƙarfen tsayawa a ƙasa a tsakiya inda kyaurori biyu ke haɗuwa, da wani a inda kowanne ke ƙarewa in ya buɗe, duka a cikin kankare.

Daga tsakiyar Mayu, ka kashe rufewar da ƙofa ke yi da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi, domin mafi munin hali shi ne iskar hadari ta riski kyaure a rabin hanya. Ka koya wa mai gadi: da ya ga gabas ta yi ja, ya rufe ƙofa, ya kashe dizonkter da makunnin batir, sannan ya zura sakata. A wannan jerin, ba a juye ba, don in sakata na ciki wani ya danna telekomand daga mota, inji zai ja har kunne ya tsage ko shi ya ƙone. Bayan hadari ya wuce a zare sakata tukuna, a share layi da idanu, a buɗe makullin saki a tura ƙofar da hannu sau ɗaya a ji lafiyarta, a mai da inji jikinta, sannan a mai da wuta.